Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Kamfanoni, Ƙananan Bankuna, Makarantu Da Asibitoci Masu Ba Da Kwangilar Manhaja

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranku ya daɗe. Wannan wasiƙa ta fito ne daga masu sana'ar haɗa manhajojin kasuwanci a arewacin Najeriya, mu da kuke kira idan kuna son shafin biyan kuɗin makaranta, ko manhajar lissafin kaya a sito, ko rajistar marasa lafiya, ko wadda za ta haɗa ƙaramin banki da wakilansa masu POS. Da yawanku iyayenmu ne, wasu kuma iyayen gidanmu, kuma da aikin da kuke ba mu muke ciyar da iyali. Saboda haka a karanta da kyakkyawan zato, gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Abubuwa biyu ne suka sa muka ga shiru bai dace ba. Na farko, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023. Ta ce idan bayanan mutane suka fita daga hannunku ta hanyar da za ta iya cutar da su, kuna da awa 72 daga lokacin da kuka sani ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Tarar tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe da bayanai, duk wanda ya fi yawa, ga sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Kuma a kan wanda ya tara bayanan dokar ta fi ɗora nauyi, wato ku. Na biyu, shawarar da ƙungiyar CA/Browser Forum, ta masu burauza da masu ba da takardun shaidar tsaro, ta yanke a Afrilun 2025 na gajarta wa'adin takardar shaidar tsaro ta shafukan intanet, wadda za mu yi bayaninta a gaba. Duka biyun sun sami yawancin ma'aikatunku ba shiri.

Abin da kuke gani a waya ko kwamfuta fuska ce kawai. A bayanta akwai saba, kwamfutar da ke riƙe da aikin dare da rana, akwai rumbun bayanai, akwai kuma API, ƙofar da manhajar waya da shafin intanet da kamfanin biyan kuɗi ke bi su yi magana da rumbun. Idan aka zauna ciniki, a kan fuskar ake tsayawa: launi, tambarin kamfani, hoton mai gida. Abin da ke baya kuwa sai a ce "kai ka san wannan", a kuma zaftare kuɗinsa. Duk koke-koken da ke tafe daga nan suka samo asali.

Mu fara da mallaka. A mafi yawan ayyukan da ake kiranmu mu gyara, sunan shafin an yi rajistarsa ne da imel ɗin wanda ya haɗa shi, hayar saba da katin bankinsa ake biya, rubutun manhajar yana cikin kwamfutarsa shi kaɗai, mabuɗin sirri na kamfanin biyan kuɗi ma yana wayarsa. Babu ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai bar wa mai walda makullin shagonsa bayan ya gama gyaran ƙofa, amma abin da ake yi ke nan a nan. Ranar da aka saɓa, ko ya sami aiki a Legas, ko Allah ya yi masa rasuwa, shi ke nan. Wa'adin sunan shafi zai cika, sanarwar sabuntawa za ta tafi imel ɗin da ba wanda ke buɗewa, daga baya sunan ya koma kasuwa wani ya saya. Duk takardun da kuka buga da adireshin, da imel ɗin ma'aikata da ke ƙarƙashinsa, sun koma hannun baƙo. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. A buɗe imel na ma'aikata, a yi rajistar suna da shi (na .ng yana ƙarƙashin NiRA, ta hannun dillalan da ta amince da su), a buɗe asusun hayar saba da ma'ajiyar rubutun manhaja irin GitHub ko GitLab da sunan ma'aikata, sannan a gayyaci injiniya ya shiga da nasa asusun, wanda za a iya rufewa ranar da ya tafi.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Manhaja tana da tambayoyi biyu da take yi wa duk mai ƙwanƙwasa ƙofa: wane ne kai, sannan kana da izinin ganin wannan abin? Ta farko kusan kowa yana yinta, ita ce kalmar sirri. Ta biyu ce ake tsallakewa idan lokaci ya ƙure ko kuɗi ya gaza, domin dole a rubuta ta a kowace ƙofa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta fitowa a fuska balle a yaba. Ga yadda abin yake faruwa. Uba ya shiga shafin makaranta ya buɗe sakamakon ɗansa, adireshin da ke sama ya ƙare da lamba 1042. Ya goge ya rubuta 1043, sai ga sakamakon ɗan wani, da hotonsa, da lambar wayar mahaifiyarsa. Bai fasa komai ba, bai saci kalmar sirrin kowa ba. Wanda ya san hannunsa zai rubuta layi goma ya bi lambobin tun daga 1 har ƙarshe, kafin a idar da sallar isha'i ya kwashe rajistar gaba ɗaya. A asibiti wannan sakamakon gwajin jini ne, a banki kuma tarihin asusu. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗurran API, wannan aibin ta sa a lamba ta ɗaya a jerinta na 2023. A Satumbar 2022 kamfanin sadarwa na Optus a Ostireliya ya yi asarar bayanan mutane kusan miliyan 10 ta wata ƙofar API da aka bari a buɗe ga intanet ba tare da tantance mai shiga ba.

Wannan gwaji ne da za ku iya sa a yi a gabanku kafin ku biya kason ƙarshe. A buɗe asusu biyu na gwaji. A shiga da na farko, a ɗauko lambar rasidin na biyu a nema. Amsar da ta dace ita ce 403 ko 404, wato saba ta ce an hana ko babu. Idan rasidin ya fito, aiki bai ƙare ba. Kada ku yarda da "ai mun ɓoye maɓallin", domin mai kutse ba ta fuska yake bi ba, kai tsaye yake aika buƙata zuwa API. Duk hukunci a saba ake yanke shi.

Kusa da wannan akwai maganar lambar tabbatarwa da ake turowa ta tes. Lamba mai gida huɗu hanyoyi 10,000 ne kacal. Idan ba a sa iyaka ba, na'urar da ke gwada 50 a daƙiƙa za ta gama da su cikin ƙasa da minti huɗu. A mai da ita gida shida, ta mutu bayan minti biyar, a kulle bayan kuskure biyar. A kuma iyakance sau nawa za a iya neman a turo ta, in ba haka ba wani zai yi ta danna ƙofar har kuɗin tes ɗinku ya ƙare cikin dare. Kalmar sirri kuwa ba a ajiye ta yadda take. Ana niƙa ta da Argon2id ko bcrypt ta yadda ba mai iya dawo da ita. Duk manhajar da za ta iya turo maka tsohuwar kalmar sirrinka idan ka manta, to ba ta niƙa ta ba, tana ajiye da ita yadda za a iya karanta ta. Mun san wasu manajoji su ne ke neman a yi haka don su riƙa taimaka wa kwastoma. Don Allah a daina nema.

Sai kuɗi, inda ɓarna ta fi saurin bayyana. Idan kwastoma ya biya ta Paystack ko Flutterwave ko makamantansu, burauzarsa tana dawowa shafinku da saƙon cewa an biya. Wannan saƙon ba hujja ba ne, domin ta wayar kwastoma ya biyo, kuma kowa zai iya ƙirƙirarsa. Hujja ita ce sabarku ta tambayi kamfanin biyan kuɗin da kanta, ko ta karɓi sanarwar da yake turowa ta duba hatiminta. Na Paystack, alal misali, ana lissafa shi da HMAC SHA512 da mabuɗin sirrinku, kuma idan lissafin bai yi daidai ba sai a yi watsi da saƙon. Ko hatimi ya yi daidai, saura abu uku: lambar cinikin ta dace da odar da ke rumbu, kuɗin naira ne, adadin kuma ya cika. A nan ake yawan tuntuɓe, domin Paystack a kobo yake ƙirga. Kuɗin makaranta naira 50,000 kobo 5,000,000 ne. Idan injiniya ya manta da wannan, har ya kwatanta 50,000 da 50,000, wanda ya biya naira 500 ya wuce a matsayin wanda ya biya duka. Haka nan farashi daga rumbu ake ɗauko shi, ba a karɓar wanda waya ta turo.

Akwai kuma matsalar maimaici, wadda layukan sadarwarmu ke ƙara wa ƙarfi. Wakili ya danna "tura", sabis ya ɗauke kafin amsa ta iso, sai ya sake dannawa. Buƙata biyu sun isa saba, an cire kuɗi sau biyu. Ta ɗaya ɓangaren, kamfanin biyan kuɗi yana sake turo sanarwa idan bai ji amsar 200, wato saƙo ya iso, daga sabarku ba, sai a zuba wa mutum kuɗi sau biyu a kan biya ɗaya. Maganin duka ɗaya ne: kowane ciniki ya sami lamba tasa tun daga waya, rumbun bayanai kuma a sa masa sharaɗin ƙin karɓar lamba ɗaya sau biyu, sai a mayar wa buƙata ta biyu amsar ta farko. Cire kuɗi daga wannan asusu da zuba shi a wancan su kasance cikin ƙulli guda, ko duka su tabbata ko duka su warware. Kuɗin kansa a ajiye shi a kobo, cikakkiyar lamba, domin a lissafin ɗigo na yawancin harsunan kwamfuta 0.1 a tara da 0.2 ba ya ba da 0.3 cif. Wannan duka aikin kwanaki ne da ba ya ƙara ko maɓalli ɗaya a fuska, shi ya sa yake fara faɗuwa idan aka ce ranar Litinin za a ƙaddamar, mai girma kwamishina zai zo.

Ƙorafi na huɗu a kan yadda ake ɗora sabon aiki ne. Ana kiran injiniya da rana tsaka a ce ya canza abu kaza yanzu-yanzu, shi kuma ya shiga sabar da mutane ke amfani da ita ya gyara kai tsaye. Ba gwaji, ba hanyar komawa baya. Tsarin da ya dace yana buƙatar saba ta biyu ƙarama don gwaji, mai irin kayan da ke kan ta aiki, wadda hayarta ce kuke yawan sokewa daga lissafi. Canji ya shiga ma'ajiyar rubutu, wani injiniya ya duba, gwaje-gwaje su gudana da kansu, a ɗora a sabar gwaji, ma'aikacinku ya taɓa ya amince, a ɗauki kwafin rumbu, sannan a saki. Tsohon zubin ya zauna a gefe ta yadda umarni ɗaya zai dawo da shi. Kada a saki komai da yammacin Juma'a, ko daren da za a buɗe rajistar ɗalibai, ko ranar biyan albashi. A ƙarshen Yulin 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabon rubutu da hannu a sabobi takwas, aka manta ɗaya. A ranar 1 ga Agusta, cikin kimanin minti 45, ya yi asarar fiye da dala miliyan 400. Sabar gwaji kuma da bayanan ƙarya ake cika ta. Kwafe ainihin rajistar marasa lafiya zuwa can don a ga yadda za ta yi, shi ma fitar da bayanai ne.

Na biyar, kulawa bayan miƙa aiki, wadda yawancin kwangiloli ba su ma ambata ba. Manhajarku a kan kayan wasu take zaune, kuma kayan nan suna da ranar da masu su ke daina yi musu faci, wato gyaran da ke toshe aibi. Harshen rubuta manhaja PHP 7.4 ya daina samun facin tsaro tun Nuwamban 2022, tsarin tafiyar da saba CentOS 7 kuma tun 30 ga Yunin 2024, amma har yanzu muna tarar da su suna riƙe da kuɗin mutane. Kamfanin Equifax na Amurka misali ne da ya isa. An fitar da facin wani aibi a Apache Struts, kayan da suka gina shafinsu a kai, a watan Maris na 2017, ba su sa ba, masu kutse suka shiga a watan Mayu, ba a gane ba sai ƙarshen Yuli, bayanan mutane kusan miliyan 147 suka tafi. Daga cikin abin da ya hana a gane da wuri har da wata takardar shaidar tsaro da ta mutu watanni da yawa a kan na'urar da ke sa ido.

Wannan takardar ita ce ke sa adireshi ya fara da https, ita ke rufe abin da ke wucewa tsakanin waya da saba. A da tana iya kai kwana 398, don haka sabuntawa da hannu sau ɗaya a shekara yana wucewa. Sabon jadawalin ya ce daga 15 ga Maris 2026 kwana 200, daga 15 ga Maris 2027 kwana 100, daga 15 ga Maris 2029 kuma kwana 47. Ranar da ta mutu, burauza za ta tare kwastoma da jan gargaɗi, manhajar waya za ta ƙi haɗuwa, sanarwar biyan kuɗi ta daina shigowa. Wanda ke jiran injiniyan da kwangilarsa ta ƙare bara ya tuna, zai sha wannan kusan sau takwas a shekara. Let's Encrypt, ɗaya daga cikin masu ba da takardar, kyauta yake bayarwa, kuma akwai kayan aiki irin Certbot da ke sabuntawa da kansu. Abin da ake buƙata shi ne a saita shi, a kuma sa ƙararrawar da za ta yi kuka idan saura kwana 14 ba a sabunta ba, ta yi kukan a wayar wanda ake biya don ya amsa.

Game da kwafin ajiya ba za mu tsawaita ba. Kwafin da ke kan saba ɗaya da rumbun zai tafi tare da shi. A yi kwafi uku, a wurare iri biyu, ɗaya a wajen kamfanin da kuke haya, a rufe shi da mabuɗi. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba. GitLab sun ga haka a 31 ga Janairun 2017, lokacin da wani injiniyansu ya goge rumbun aiki bisa kuskure, aka duba hanyoyin ajiya biyar aka tarar babu wadda ta tsaya da ƙafarta yadda ake zato. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan ne ya cece su. Ku tambayi kanku cinikin awa nawa za ku iya jure rasawa, amsar ce za ta faɗa muku ko kwafin dare-dare ya isa. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, an ga yadda ayyuka suka tsaya cik. Ya kamata kowace ma'aikata ta san a wace ƙasa sabarta take, da abin da mai karɓar kuɗi zai yi idan ba a iya kaiwa gare ta.

Awa 72 ɗin nan na doka ma ba za su yi muku amfani ba in babu rajistar aiki, wato inda saba ke rubuta wa ya shiga, yaushe, me ya taɓa. Hukuma za ta tambayi bayanan mutum nawa suka fita, yaushe, ta wace ƙofa. Idan ma'aikata goma suna shiga da asusu ɗaya mai suna admin, kalmar sirrinsa kuma tana manne a jikin kwamfuta, ba mai iya amsawa.

A cikinmu ma akwai baragurbi, masu kwafo rubutu daga intanet su sauya tambari su karɓi kuɗi. Buƙatun da ke ƙasa su ne za su tace muku su, domin mai irin wannan aikin ba zai yarda ya sa hannu a kansu ba.

Muna roƙon a rubuta a kowace kwangila cewa sunan shafi, asusun saba, rubutun manhaja da mabuɗan biyan kuɗi mallakar ma'aikata ne tun ranar farko, kuma a sauya duk mabuɗan sirri ranar da injiniya ko ma'aikaci ya bar aiki. Waɗanda aikinsu ya riga ya tashi, su zauna da injiniyansu cikin wannan watan a mayar da komai sunan ma'aikata tun ana shiri.

Muna roƙon a riƙe kason ƙarshe na kuɗi har sai wani injiniya dabam, wanda ba shi ya yi aikin ba, ya gwada tsaron ya ba da rahoto a rubuce. Aƙalla ya duba izinin kowace ƙofa, iyakar gwada kalmar sirri, tabbatar da biya, da kuma cewa ƙofofin rumbun bayanai, 3306 ta MySQL ko 5432 ta PostgreSQL, ba sa kallon intanet, ƙofa ta 22 kuma, wadda injiniya ke bi ya shiga saba, da mabuɗi kaɗai ake shiga ta.

Muna roƙon a sa kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara, dabam da kuɗin gini. A ganinmu kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na abin da aka kashe wajen ginawa, ban da hayar saba, wadda sau da yawa da dala ake biya, don haka a bar mata sarari. A rubuta wa zai amsa waya idan aiki ya tsaya, cikin minti nawa. Idan an yi muku alkawarin kashi 99 cikin ɗari na zama a kunne, ku sani an ba da damar tsayawar fiye da kwana uku da rabi a shekara. Kashi 99.9 kuwa ƙasa da awa tara ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba.

Muna roƙon a gwada dawo da kwafin ajiya kowane wata uku a gaban wakilinku, a rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka. Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa da iyakar abin da aikinsa ke buƙata, masu babban izini kuma a sa musu tabbatarwa mai hawa biyu, wato kalmar sirri da kuma wata shaida ta biyu. A daina karɓar bayanin da ba a buƙata: makarantar da ba ta da abin yi da BVN ɗin uba kada ta sa gurbinsa a fom.

Daga ƙarshe muna roƙon ƙungiyoyinku, na masu makarantu, na masu asibitoci, na ƙananan bankuna da na 'yan kasuwa, su fitar da samfurin kwangila guda mai ɗauke da waɗannan sharuɗɗa don mambobinsu su riƙa amfani da shi. A shirye muke mu zauna da lauyoyinku a rubuta shi, kuma ba ma neman lada a kan wannan zaman.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa.

Wassalam,
Naku, masu haɗa manhajojin kasuwanci a arewacin Najeriya.